Matar Da Ta Riƙe Ikilisiya A Lokacin Yaƙi

'Yan'uwana mata, da ku iyayenmu maza da za ku karanta wannan, ga wani tarihi daga ƙasar Sin da ya dace da ranar murnarmu.

An haifi Florence Li Tim-Oi a Hong Kong a 1907. A 1941 ikilisiyar Angilikan ta naɗa ta dikon, tana aiki a garin Makau. A ƙarshen shekarar sojojin Japan suka kame Hong Kong. 'Yan gudun hijira suka cika Makau, hanya ta rufe, limamai maza suka kasa zuwa su ba da Jibin Ubangiji. Ita ce ta riƙe jama'a.

Bishop Ronald Hall ya ga aikinta. Ranar 25 ga Janairu 1944 ya ɗora mata hannu ya naɗa ta limamiya, mace ta farko a duk ikilisiyar Angilikan ta duniya.

To, amma fa da yaƙi ya ƙare sai manyan ikilisiya a Ingila suka taso wa bishop ɗin, wai mace ba ta limanci. A 1946 ta ajiye takardar izinin aikinta don ƙura ta lafa, ko da yake ba ta yar da naɗinta ba. Taron bishop-bishop na Lambeth a 1948 ma ya ƙi yarda. Kun ga, namiji ɗaya ya buɗe ƙofa, amma da yake shi kaɗai ne, aka sake rufewa, kuma matar ce ta sha wahalar.

Sai a 1971 abin ya canza. Majalisar Angilikan ta zauna a Limuru, ƙasar Kenya, ta amince Hong Kong ta naɗa mata. A shekarar Bishop Gilbert Baker ya naɗa Jane Hwang da Joyce Bennett. Wannan karon shawarar majalisa ce, an jefa ƙuri'a an rubuta, shi ya sa ta zauna daram. Florence ta rasu a Kanada a 1992. Ingila kuwa ba ta naɗa mata ba sai 1994, shekara 50 bayan nata naɗin.

Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan wurinmu Zumuntar Mata ce ke share coci, ita ke ziyarar marasa lafiya, ita ke tara gudummawa. Amma mata nawa ne ke zaune a inda ake yanke shawarar kuɗin?

Saboda haka, dattawanmu da mazajenmu, yabo a bagade bai isa ba. Ku kawo sunan mace a taron kwamiti, ku ɗaga mata hannu, a sa a rubuce. In ta tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ko ajin yaƙi da jahilci, ku riƙe gida. Ranar da surutu ya taso kuma, kada ku bar ta ita kaɗai.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.