Jagira da Takardar Banɗaki: Abin da Nawal El Saadawi Ta Rubuta a Kurkukun Ƙanatir

A farkon watan Satumba na 1981, Shugaba Anwar Sadat na Masar ya ba da umarnin kame mutane fiye da 1,500, cikinsu har da 'yan siyasa, malaman addini, 'yan jarida da marubuta. Ɗaya daga cikin waɗanda kamen ya rutsa da su ita ce Nawal El Saadawi, likita kuma marubuciya, wadda aka kai kurkukun mata na Ƙanatir, arewa da birnin Alƙahira.

Wurin ba baƙo ba ne a gare ta. A shekarun 1970 ta shiga cikinsa a matsayin likita mai binciken ciwon damuwa a tsakanin mata, kuma a nan ta gana da wata da aka yanke wa hukuncin kisa, wadda labarinta ya zama ginshiƙin littafin da ta fitar a 1975. Wannan karon kuwa, ita ce a bayan ƙofar.

An haramta wa fursunonin siyasa alƙalami da takarda. Sai wata fursuna daga wani sashen gidan yarin ta samo mata jagira. Da wannan jagirar, a kan takardar banɗaki, ta riƙa rubuta abin da ke gudana a ɗakin da abin da ke cin ranta, tana ɓoyewa.

Babbar azabar tsarewa irin wannan ita ce rashin sanin ranar fita, domin ba a yanke wa matan wa'adi ba. Rubutun ya ba kwanakinta tsari, ya mayar da fargabar da ke yawo a zuciya magana mai farko da ƙarshe.

An kashe Sadat ranar 6 ga Oktoba, aka sake ta kafin shekarar ta ƙare. A 1983 waɗancan takardu suka zama littafin tarihin zamanta a kurkukun.

Bayan shekara uku, a 1986, masanin halayyar ɗan Adam James Pennebaker na Amurka ya wallafa gwajin da ya sa ɗalibai rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 a rana har kwana huɗu. Waɗanda suka yi hakan sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya. Gwajin nasa an yi shi ne a kan ɗalibai masu 'yanci, amma hujjar da ya kafa ta shafi duk macen da ke tsare: hana ta takarda hana ta magani ne.