Ramalan: Sunan Zafi a Kan Wata Mai Yawo

Wanda ya yi azumin shekarar 2000 zai tuna cewa cikin hunturu aka yi shi, ana sahur ana rawar ɗari. Sunan watan kuwa, in aka bi salsalarsa, zafi yake nufi. Tushensa ɗaya da kalmar Larabci ramda'u, wato ƙasa ko rairayin da rana ta gasa har ƙafa ba ta iya taka shi. Malaman lugga na dā sun ce sa'ad da Larabawa suka raɗa wa watanninsu suna, sun dubi yanayin da kowanne ya faɗo a ciki, shi kuwa wannan ya faɗo a tsakiyar ƙuna.

To, me ya raba sunan da lokacinsa? Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Larabawan jahiliyya suna da wata al'ada, nasi'u, wadda wasu malamai suka fassara da jinkirta watan alfarma don a samu damar yaƙi, wasu kuma da cusa ƙarin wata domin lissafi ya dace da lokutan shekara. Aya ta 37 ta Suratut Tauba ta hana ta, aka kuma jaddada hanin a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira. Wata goma sha biyu suka tsaya cif, Ramalan ya shiga zagayen bazara, damina, kaka da hunturu, yana komawa inda ya faro bayan kimanin shekara 33. Shi ya sa zai zo sau biyu a 2030, a Janairu da Disamba.

Kakanninmu, a ganina, sun yi dabara da suka kira shi watan Azumi, don suna ne na aiki, kuma aiki ba ya sauyawa da iska ko ruwa. Haka suka yi wa Muharram, watan Cika-ciki, da Rajab, watan Azumin Tsofaffi. Daga nan ne 'ya'yanmu suka samo Azumi da Ɗan'azumi.

Idan kuma wani maƙwabci, a Kumasi ko a Omdurman, ya ji ka ce Ramalan ya yi maka gyara, kada ka ji kunya. Harafin nan na Larabci lam ya koma a bakin Bahaushe tun zamanin zaure da allo, kuma shi ne dai a cikin alƙali, alwala, farilla da lalura.