Diyyar waɗanda mulkin Hissène Habré ya zalunta: nawa kotu ta yanke, nawa aka biya

Hukunci biyu ne suka ba waɗanda aka azabtar a Chadi tsakanin 1982 da 1990 haƙƙin karɓar diyya. Na farko shi ne na kotun manyan laifuka ta N'Djamena, ranar 25 ga Maris 2015. Ta sami tsofaffin jami'ai 20 na hukumar leƙen asirin DDS da laifi, ta kuma yanke sefa biliyan 75 ga mutum 7,000, rabi a kan gwamnati, rabi a kan waɗanda aka ɗaure. Ta ce a gina dandalin tunawa da mamatan, a mayar da tsohuwar hedkwatar DDS gidan tarihi.

Na biyu ya fito ne daga Dakar, inda kotu ta musamman ta Afirka ta yanke wa Habré kansa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. A watan Yuli ta ƙayyade diyya: miliyan 20 ga wadda aka yi wa fyaɗe, miliyan 15 ga wanda aka azabtar ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, miliyan 10 ga dangin wanda ya mutu ko ya ɓace. Lauyoyin da kotu ta naɗa wa Habré sun ɗaukaka ƙara. Ranar 27 ga Afrilu 2017 aka tabbatar da ɗaurin, aka tsayar da jimillar diyya a kan fiye da biliyan 82 ga mutum 7,396, ta hannun wani asusu na Tarayyar Afirka.

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da aka kama na Habré bai wuce gida a Dakar da asusun banki biyu ba, ko kusa bai kai ba. Ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021 bai biya komai ba. Tun a 2017 lauya Jacqueline Moudeina da abokan aikinta suka kai ƙarar Chadi gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul, saboda ƙin aiwatar da hukuncin 2015.

Sai a farkon 2024 gwamnatin Mahamat Idriss Déby ta fara rabon biliyan 10 ga mutane kusan 10,700, wato kimanin sefa 925,000 kowanne, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na mafi ƙanƙantar diyyar da aka yanke a Dakar. Da yawa daga cikin masu haƙƙin sun rasu kafin kuɗin su iso.