Daga Ƙarƙashin Teku Zuwa Bayan Amfilifaya: Asalin Wayar Sauti Mai Tsada

Idan ka taɓa leƙa shagunan intanet masu sayar da kayan sauti na masu hali, wataƙila ka ci karo da wata 'yar waya mai tsawon mita ɗaya, wadda aikinta kawai ta haɗa na'urar kunna faifai da amfilifaya, amma kuɗinta ya haura dala dubu. Karanta tallar ka sha labari: jan ƙarfe marar oksijin, azurfa tsantsa, rigar Teflon, bakin zinare, silin waya da aka kitsa kamar gashin amarya. Kada ka yi saurin cewa duk zuƙi-ta-malle ce, don kusan kowace kalma a tallar nan tana da tushe a kimiyya ta gaske. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, wace matsala ce ta haifi kowace dabara, kuma matsalar tana nan a cikin waya mai mita ɗaya?

Bari mu koma shekarar 1858. A watan Agusta na wannan shekarar aka gama shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a ƙarƙashin tekun Atlantika, daga Ailan zuwa gaɓar da a yau take cikin Kanada, tafiyar sama da kilomita 3,000. Sarauniya Victoria ta aika wa shugaban Amurka James Buchanan saƙon gaisuwa mai kalmomi 98, sai da ya ci kusan awa 16 kafin ya gama isa. Babban mai kula da lantarkin kamfanin, Wildman Whitehouse, ya ga kamar maganin shi ne a ƙara wuta, ya tura mata kusan bolt 2,000. Cikin mako uku wayar ta mutu.

Akwai wanda ya hango matsalar tun kafin nan, wato William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin. Ya nuna cewa doguwar waya mai riga, in tana cikin ruwa, takan zama kamar randa: sai ta fara cika da caji kafin sigina ta leƙo a ɗaya bakin. Jinkirin kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawo, in ka ninka tsawon sau biyu, jinkirin sau huɗu zai ninku. Thomson ya kuma auna jan ƙarfen da ake sayarwa a lokacin, ya tarar wani ya fi wani wuce da wuta nesa ba kusa ba, saboda dattin da ke cikinsa. Daga nan maganar tsabtar jan ƙarfe ta samo asali. Wayar da aka shimfiɗa a 1866, mai kauri da jan ƙarfen da aka tantance, ita ce ta zauna.

To, riƙe wannan lissafin na Thomson, ka juya shi. Mita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan uku na waccan wayar, saboda haka irin wancan jinkirin ya ragu kusan sau tiriliyan tara. Batun tsabta kuwa tuni masana'antu suka gama da shi. Jan ƙarfen wayar wuta na yau da kullum ya kai kashi 99.9 cikin ɗari a tsabta, mafi tsabtan marar oksijin kuma 99.99, kuma bambancin yadda suke wuce da wuta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Siffar wayar ma tsohuwa ce. A 1880 Oliver Heaviside ya yi rajistar waya mai sili a tsakiya da garkuwar ƙarfe kewaye da shi a Ingila, a 1881 kuma Alexander Graham Bell ya yi rajistar sili biyu da aka murɗe da juna don wayar tarho. Duk biyun hayaniyar da ke kutsowa daga waje suke yaƙa. Waɗannan dabaru biyu har gobe suna aiki, kuma su ne, a ganina, ainihin abin da kake biya wa kuɗi in ka sayi waya mai kyau.

Kitson fa? Shi ma yana da dalili. Wutar da ke kai-komo da sauri takan guje wa tsakiyar waya ta maƙale a fatarta, abin da Horace Lamb da Heaviside suka yi wa lissafi a shekarun 1880. Injiniyoyin rediyo sun magance shi da siraran sili masu yawa, kowanne da rigarsa, a kitse. Sai dai rediyo tana aiki da siginar da ke kaɗawa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam, in yana da ƙuruciya da lafiya, a sau 20,000 yake tsayawa, kuma a nan kaurin fatar ya kusa rabin milimita. Silin tsakiyar irin wannan waya sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, ka ga kusan dukkansa fata ne ke nan.

Rigar tangarahun 1858 ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya. A 1933 masana a kamfanin ICI na Ingila suka gano foliyetilin, wadda ta yi wa wayoyin na'urar rada amfani sosai a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a 1938 Roy Plunkett ya yi tuntuɓe da Teflon a kamfanin DuPont. Duk biyun sun fi robar PVC ƙarancin riƙe caji, wannan gaskiya ne. Bakin nan mai ja da fari da kake gani kuwa, kamfanin RCA ne ya fito da shi don haɗa garmaho da rediyo, kuma an yi shi ne don araha. Zinaren da ake shafa masa bai kai jan ƙarfe wuce da wuta ba, amfaninsa shi ne ba ya tsatsa.

Har zuwa shekarun 1970 waya kyauta ce da ake jefo maka a cikin kwali. A lokacin ne marubuta irin su Jean Hiraga a Faransa suka fara rubuta cewa ana jin bambancin waya da kunne. A 1979 Noel Lee ya kafa Monster Cable a San Francisco, yana sayar da wayar lasifika mai kauri. A yi masa adalci: turjiyar lasifika om 4 zuwa 8 ce kacal, don haka siririyar waya mai tsawo tana iya cin wani abu daga ciki. Amma da kasuwa ta buɗe, sai aka kwashi hujjar aka ɗora wa wayar da ke tsakanin na'ura da amfilifaya, inda lissafin ya sha bamban. Ƙofar amfilifaya tana da turjiya ta om 10,000 zuwa 47,000, ita kuwa wayar mita ɗaya ba ta kai om ɗaya ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe da kusan kashi 6 cikin ɗari, to kashi 6 na abin da bai kai ɗaya ba, a gaban 47,000, me ya rage? A shekarun 1980 dabarar Farfesa Atsumi Ohno na Japan ta zuba jan ƙarfe mai dogayen ƙwayoyi ita ma ta shiga talla. Aikin ƙira ne mai kyau, amma ƙofar amfilifaya tana nan yadda take.

Masu sayen suna cewa sun ji bambanci, kuma ba ƙarya suke yi ba, don kunne yana bin abin da ido ya gani da abin da aljihu ya biya. Shi ya sa masu bincike ke neman a gwada ba tare da mai sauraro ya san wace waya aka saka ba. A 2007 James Randi ya sa dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya bambance wata wayar lasifika ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba a irin wannan gwaji. An yi ta cacar baki kan sharuɗɗa, gwajin bai yiwu ba.

Akwai wuraren da waya ke canja sauti da gaske. Jita mai lantarki da allurar garmaho siginarsu ba ta da ƙarfin tura caji, don haka doguwar waya mai yawan riƙe caji takan sauya siraran muryoyinsu, kuma ana iya auna hakan. Makirufo ma haka, siginarsa 'yar mitsitsiya ce, in ka ja ta mita talatin kusa da wayar wuta za ka ji gurnanin nan da ka saba ji a wurin taro ko masallaci. Maganinsa shi ne wayar nan mai baki uku, XLR, wadda ta fito daga kamfanin Cannon a shekarun 1950. Tana aika sigina ta sili biyu murɗaɗɗu, hayaniya ta faɗa wa duk biyun daidai wa daida, amfilifaya ya ɗebe ɗaya daga ɗaya, hayaniyar ta soke kanta. Dabarar Bell ce ta 1881, kuma galibi da irin wannan waya, wadda ake saye a naɗe a yanka da mita, ake ɗaukar waƙar a sutudiyo tun farko.