A Gurfanar da Waziri a Aji Biyar

A makarantun firamare da yawa, idan malami yana son sanin ko yaro ya karanta littafi, sai ya ce ya rubuto taƙaitaccen labarin. Abin da ke dawowa teburinsa sananne ne: an kwafo shafin farko harafi da harafi, an haɗa da jimlar ƙarshe. Yaron da ya fahimci littafin amma hannunsa bai faɗa da rubutu ba ya faɗi, mai saurin kwafi kuma ya ci. Awon da zai ba da irin wannan sakamako ya cancanci a sake shi.

Malaman Amurka sun daɗe suna neman mafita. Suna sa yara su gina wani fage na labarin cikin kwalin takalmi, ko su zana wa littafin sabon bango. Dabarun suna da kyau, sai dai suna cin kayan aikin da ajin da ya cika maƙil a Kano ko Sakkwato ba shi da su. Abin da ajin nan yake da shi kuwa ya fi kwali daraja: yaran da suka tashi da tatsuniyar dare, waɗanda da azumi ya kwana goma suke shirya tashe da kansu, su raba matsayi, su haddace baituka, babu malamin da ya sa su.

Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya domin 'yan makaranta kuma ya fara fitowa a 1937, ya dace da wannan baiwa. A ce 'yan aji biyar sun gama littafi na ɗaya, sai a kafa kotu a gurfanar da Waziri kan makircin da ya ƙulla wa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman. Wani ya zama alƙali, wasu masu ƙara, wasu masu kare shi, akun da ke cikin labarin kuma ya ba da shaida. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ita ce ƙashin bayan aikin: duk wanda ya yi zargi sai ya buɗe shafin da hujjarsa take ya karanta wa aji. Masu kare Waziri su suka fi shan wuya, su kuma suka fi ƙaruwa, don sai sun koma littafin sau da yawa suna laluben abin da zai rage masa laifi.

Littafin Ruwan Bagaja na 1934 kuma labarin tafiya ne, saboda haka taswira ta fi dacewa da shi. Rukunin yara su zana hanyar Alhaji Imam a allon aji da alli, su sa alama duk inda ya yi karo da Malam Zurƙe, kowa ya faɗi wanda ya yi galaba a wurin da dalilinsa. Wanda ya tsallake babi, taswirar za ta tona shi.

Masu suka suna cewa wannan wasa ne, kuma jarrabawa da biro ake yin ta. Suna da gaskiya idan aka bar aikin ya tsaya a raha da tafi. Shi ya sa bayan an tashi daga kotu ya kamata kowane yaro ya rubuta hukuncinsa a jimla biyar, ya ambaci shafin da ya dogara da shi. A nan malami zai ga waɗanda suka yi shiru lokacin muhawara amma suna biye, da waɗanda za a sake zama da su a karanta babin tare.