Aladun daji a Italiya: me ya sa suka yi yawa, kuma yaya ake fama da su?

Aladen daji dangin aladen gida ne, sai dai shi gashinsa kaushi gare shi, namijin kuma yana da haure. A Italiya yanzu ya wuce zaman daji. A wasu unguwannin birnin Rum, ba abin mamaki ba ne ka ga uwa da 'ya'yanta suna tonon bola da rana tsaka. Hukumar binciken muhalli ta ƙasar, ISPRA, ta ƙiyasta cewa a 2021 sun kai aƙalla miliyan 1.5.

To me ya kawo haka? Na farko dai haihuwa. Cikin macen wata huɗu ne ba kaɗan, tana haifar 'ya'ya huɗu zuwa shida, kuma in ta samu abinci sosai tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika shekara ba. Sauran kuwa aikin ɗan Adam ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an riƙa shigo da aladu daga gabashin Turai ana saki saboda farauta. Manoma sun bar ƙauyuka, gonaki sun koma kurmi. Mafarauta sun ragu, sanyin hunturu da ke kashe ƙanana ya yi sauƙi, ga kuma shara a bakin titi.

Ɓarnar ba kaɗan ba ce: suna cinye masara da inabi, suna haddasa haɗarin mota. Babbar fargaba ita ce zazzaɓin aladu na Afirka, cutar da ta yi ɓarna a gonar Oke-Aro, iyakar Legas da Ogun, a 2020. Ba ta kama mutum, amma tana ƙarar da aladun kiwo. Ta ɓulla a arewacin Italiya a Janairun 2022, a watan Mayu ta isa Rum.

Matakan da ake ɗauka sun haɗa da harbi, kafa tarko, shingen waya mai lantarki, da hana ba su abinci. A ƙarshen 2022 an sassauta doka, aka ba da damar rage su har cikin gari. Amma masana na cewa bindiga kaɗai ba ta isa, musamman in manyan maza ake harbewa ana barin mata da ƙanana. Muddin bola na buɗe, waɗanda suka rage za su cike gurbin.