Kwamfutar Tokumbo da Ta Ƙi Tashi: Daga Ina Ake Fara Bincike?

Da yawa daga cikin kwamfutocin tebur da ake sayarwa a Titin Beirut na Kano da kasuwar kwamfuta ta Ikeja sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Amurka da Turai kafin a loda su a kwantena. Idan irin wannan kwamfuta ta ƙi tashi, abin da mai ita ya fi ji daga bakin mai gyara shi ne, "Alhaji, bod ɗin ne ya tafi." A ganina ana saurin yanke wannan hukunci. Modabod, wato bod ɗin da yake nufi, yana cikin sassa mafiya tsada a akwatin, kuma kafin wuta ta isa gare shi sai ta bi ta wurare da dama waɗanda gyaransu bai taka kara ya karya ba.

Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, madannin da ke gaban kwamfuta ya daina yanke wuta da kansa. Da zarar an jona filogi, fawa-fak, wato sashen da ke rarraba wa kwamfutar wuta, yana sakin 'yar wuta mai bolt 5 ta wayar nan mai launin shunayya, ko da kwamfutar a kashe take. Da ita modabod ke sauraron madanni. In an danna, sai modabod ya haɗa koriyar waya da baƙa, fawa-fak ya saki bolt 12 da 5 da 3.3, sannan ya aika sigina ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta daidaita. Sai a lokacin furosesa ke fara aiki. Wanda ya san wannan jeri zai gane cewa kwamfutar da ta yi tsit, babu fitila babu fanka, cutarta daban da ta wadda fankarta ke juyawa amma monita baƙi ƙirin. Ta farko wuta ce ba ta iso ba. Ta biyu ta samu wuta, wani sashe ne ya ƙi amsawa.

Saboda haka daga bango ake farawa: soket, waya, da ƙaramin fis ɗin da ke cikin filogi mai ƙafa uku. Wayar monita sau da yawa iri ɗaya ce da ta kwamfutar, musanya su kawai kan warware zancen.

Daga nan sai a juya bayan akwatin, inda tarkon da ya fi cin kayan tokumbo yake. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya da Nijar kuwa tana tsakanin 220 da 230. Tsofaffin fawa-fak suna da wani ɗan jan makunni mai lamba 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Kwamfutar da ta taso daga Amurka tana isowa a kan 115, in kuma aka jona ta haka, ƙara ɗaya za a ji, sai hayaƙi da ƙauri. Abin da na fi so mai saye ya sani shi ne, ɓarnar galibi a fawa-fak take tsayawa, modabod yana nan lafiya. Yawancin sababbin fawa-fak ba su da wannan makunni, suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, amma su ma hawa da saukar wutar janareta na gajiyar da su.

Gwada fawa-fak ba ya bukatar kayan aiki masu yawa. A zare babban filoginsa mai ƙafa 24 daga modabod, a haɗa koriyar waya da ɗaya daga cikin baƙaƙen da guntun ƙarfe, a jona wuta. In fanka ba ta motsa ba, galibi an kama mai laifi. In ta juya, sauran awo: mita ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6 a waya mai ruwan ɗorawa, wadda ke ɗauke da bolt 12, domin tsarin ya yarda da saɓanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai. Sai dai wannan gwaji na masu bin tsarin ATX ne. Dell da HP sun sa wa kwamfutocinsu na baya-bayan nan filogi nasu na daban mai ƙafa shida ko takwas, kuma haɗa wayoyinsu da ka na iya ƙona abin da yake lafiya. Kwamfutocin OptiPlex na Dell da yawa suna da madannin gwaji da koriyar fitila a bayan fawa-fak, shi ya kamata a danna. Buɗe cikin fawa-fak kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne, manyan kafasitocinsa na iya riƙe fiye da bolt 300 bayan an zare filogi.

Idan fawa-fak ya fita daga zargi, madannin kansa na iya mutuwa, kuma taɓa ƙafafunsa biyu a kan modabod da bakin sukudireba zai nuna haka. Sai a cire duk abin da ba dole ba, har da hadis (ma'ajiyar bayanai) da kayan USB, domin ɗaya daga cikinsu in ya haɗe wuta, fawa-fak yakan kashe kansa don kariya. Jijjigar tafiya a jirgin ruwa da tirela tana sassauta ram, ƙurar hunturu kuma tana toshe bakinsa. A zare, a goge, a mayar ɗaya bayan ɗaya. Ɗan batirin CR2032 mai bolt 3 shi ma yakan ƙare bayan 'yan shekaru, kuma a wasu kwamfutoci mutuwarsa kaɗai kan hana tashi.

Sai bayan duk wannan ake da hujjar duban modabod, shi ɗin ma da ido za a fara. A farkon shekarun 2000 an cika kasuwa da gurɓatattun kafasitoci masu kumbura suna tsiyayar da ruwa, har Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 don gyaran OptiPlex GX270 da GX280. Kafasita mai lafiya kansa shafe yake. Wanda ya yi tozo ko ya yi tsatsa a ka ya mutu, kuma mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai canza shi da wani mai awo iri ɗaya, a kan kuɗin da bai kai ko kusa da na sabon modabod ba.